Riga Mai Rawayan Wuya

"Ban yarda ba," in ji Baba. "Jiya na faɗa, yau na maimaita. In kunnenki bai ƙoshi ba ki dawo gobe, zan ƙara miki."

Auta tana durƙushe a gefen kujerarsa, kanta a sunkuye, tana murza bakin mayafinta kamar shi ya yi mata laifi. Sama da kan Baba, a jikin bangon falon, hotonta ne a rataye, tana sanye da farar rigar ɗaliban haɗa magunguna ranar da ta fara shiga babbar jami'a. Duk baƙon da ya shigo gidan, ko da mai duba mitar wuta ne, sai Baba ya nuna masa hoton nan kafin a kawo masa ruwa.

"Mutum nawa suka nemi canji daga ƙaramar kwalejin nan zuwa jami'a a shekararku? Ke kaɗai aka ɗauka. Na gama yawo ina faɗa wa jama'a 'yata ta haye, yanzu ki dawo ki ce mini ɗan kwaleji za ki aura? Ga Dakta nan, ɗan aminina, malami a jami'arku. Ubansa ya yi mini magana har ya gaji."

Goggo, yayar Baba, tana daga kusurwa tana ɗinke maɓallin riga. Ita kaɗai ce a duniyar nan Baba yake shakka. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ƙanena, wace jami'ar ka yi da aka ba ka uwarta? Ni dai abin da na sani, da ƙurar siminti a gemunka ka je neman aure."

Mama ta kau da kai tana danne dariya.

"Yaya, don Allah ki bar wannan maganar. Zamani ya canja."

A nan ne bakin Auta ya riga hankalinta. Ta ji kanta tana cewa, "Baba, ai shi ma ya samu canji. Zangon nan mai zuwa zai fara jami'armu."

Baba ya dube ta, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "To. Za mu gani."

Masu iya magana suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To ta Auta dai ta yi 'ya'ya, kuma ita aka bar wa cin su.

Dogo ne yaron da ake rigima a kansa. Tare suka fara kwaleji, aji ɗaya, benci ɗaya. Ba shi da surutu, ba shi da mota, ba shi da komai sai tsayi da haƙuri da kai mai ja. Shi ya riƙa zama da ita a ƙarƙashin bishiyar bayan ɗakin karatu yana yi mata bita har ta ci jarrabawar canji, shi kuma bai nema ba, don innarsa ta ƙosa ya gama ya kama aiki.

Canjin nan kuwa doka biyu gare shi, kuma Auta ta fi kowa saninsu. Ta farko, ranar da kwaleji ta tura sakamakon ɗalibi zuwa jami'a, ranar take goge sunansa, kuma ba ta karɓar wanda ya fita ko da zai yi kukan jini. Ta biyu, jami'a ba ta lissafa karatun da aka yi a kwaleji. Ko aji nawa mutum ya bari, daga ajin farko zai soma. Ita shekara ɗaya kawai ta yi asara, don haka abin bai yi mata ciwo ba.

Washegari ta same shi a tashar motar da ke bakin ƙofar kwaleji. Ta tsaya daga can gefe, bayan rumfar mai gyaran takalmi, don kada wani ɗan jami'a ya wuce ya gan ta a nan. Da ta faɗa masa abin da ta yi, sai ya yi dariya.

"Ni na samu canji? Ikon Allah. Shi ne ko barka ba wanda ya yi mini?"

"Ba wasa na zo yi ba, Dogo."

"Na sani. Ki saurare ni, Auta. Saura zango ɗaya in gama. Asibitin da nake koyon aiki sun ce ina fitowa za su riƙe ni. Ki koma ki ba Baba haƙuri, ki ce bakinki ne ya suɓuce. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Haƙuri, haƙuri! Kai ba ka san abin da nake sha ba." Hawaye ya cika mata ido, kuma tun da ya cika sai bakin ya ɓalle. "Ka san abin da ake kiran kwalejinku a can? Makarantar waɗanda suka rasa. Ni kaina ban taɓa faɗa wa kowa daga nan na fito ba. In ƙawayena suka tambaye ni wa nake so, me zan ce musu? Kowacce saurayinta yana ajin likita ko na lauya. Ni kuma in ce me? Kunya nake ji, Dogo. In gaskiya kake so ka ji, kunya nake ji."

Dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Kunyata kike ji?"

"Ni ban ce kai ba."

"To wa?"

Mota ta tsaya, kwandasta yana buga ƙofa. Auta ta shige ciki. Ta tagar baya ta hango shi tsaye inda ta bar shi, ya fi kowa tsayi a tashar, hannunsa cikin aljihu.

Hutun nan gaba ɗaya Dogo ya zama mai gajeriyar magana. In ta kira, "Lafiya lau." In ta tambayi karatu, "Ana fama." Ita kuwa, irin ta mai laifin da ba ya son ganin laifinsa, sai ta ce ai girman kai ne ya motsa masa, ta yi fushi ta daina kira.

Aka koma makaranta.

A sashensu na haɗa magunguna, ba sai an tambayi ɗalibi ajinsa ba, wuyan farar rigarsa ke faɗa. 'Yan aji uku shuɗi ne wuyan rigarsu. Sababbin shiga kuwa rawaya ne, shi ya sa kowa yake kiransu 'yan tsaki. Kuma duk shekara akan zaɓi wasu daga 'yan aji uku su riƙa taya malami kula da 'yan tsakin a ɗakin gwaji. Dakta ne malamin, don haka da sunan Auta ya fito a cikin waɗanda aka zaɓa ba wanda ya yi mamaki.

Shi Daktan nan bai ma gama karatun daktan ba tukuna, amma in aka kira shi da sunan yana amsawa da sauri. Kyakkyawa ne, ba a ƙwace masa ba, kuma turarensa yakan riga shi shiga aji.

Ranar farko Auta ta shigo da shuɗin wuyanta, tana taku ɗai-ɗai, ita da ƙawarta mai gilashi. Ɗakin ya cika da yara sababbin fita daga sakandare, wasu ko gashin baki bai fito musu ba, kowa ya ƙame a kan 'yar kujerarsa yana tsoron taɓa kwalba. Ta ɗauki tire ta fara raba kwalaben aidin benci-benci, ba ta ko kallon fuskokinsu.

A bencin ƙarshe, kusa da wurin wanke hannu, ta ga wasu gwiwoyi da suka ƙi shiga ƙarƙashin teburi. Ta ga hannun riga da ya tsaya tun kafin ya kai wuyan hannu. Ta san hannun nan. Ta san tabon da ke kan babban yatsan.

Ya ɗago kai.

Dogo ne, da gemunsa da komai, zaune a tsakiyar yara, rawayan wuya ya shaƙe masa maƙogwaro.

Ba ta san yadda ta ajiye masa kwalbarsa ba, ba ta san yadda ta koma gaban allo ba. Abu ɗaya ke kaɗawa a kanta: sun goge sunansa. Saura zango ɗaya, sun goge sunansa.

Dakta ya shigo, ya ce kowane ɗalibi ya miƙe ya faɗi makarantar da ya fito. Aka yi ta miƙewa ana zama har layi ya zo ƙarshe. Da Dogo ya miƙe sai ya yi ta miƙewa kamar ba zai ƙare ba.

"A'a," in ji Dakta, yana zare tabarau. "Wannan kuma ɗan tsako ne ko zakara?"

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Daga ina?"

"Daga kwaleji, Malam. Canji na yi."

"Aji nawa ka baro?"

"Na ƙarshe."

"Ka bar ajin ƙarshe ka zo nan koyon wanke kwalba? To Allah ya ba da sa'a." Dakta ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Gidansu da gidan su Auta ba a ɓoye wa juna komai, ya san inda ta fito, ya kuma san akwai wani dogon yaro da ya tsaya masa a hanya. Ya juyo a hankali. "Auta, ke ba ta kwalejin nan kika taɓa ratsawa ba? Kin san shi?"

Mai gilashi ta waigo da sauri, baki buɗe. "Ke? Kwaleji?"

Ido ya yi mata yawa. Sauran masu shuɗin wuya suna kallonta, 'yan tsaki suna kallonta, Dakta yana kallonta. Dogo ne kaɗai bai kalle ta ba, ya zuba wa teburinsa ido don kada ya matsa mata.

"A'a, Malam," in ji Auta. "Ban san shi ba."

Muryarta ta fita sarai, ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona ta daga baya.

"Kai fa?" in ji Dakta. "Ka san ta?"

Dogo ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Malam. Kwalejin da faɗi, ba kowa ya san kowa ba."

Ya koma zai zauna, gwiwarsa ta daki teburin, kwalbar aidin ta kife. Ruwan ya bi gaban farar rigar tun daga ƙirji har aljihu, ja-ja baƙi-baƙi. Aka sake kwashewa da dariya.

"Ba a zama a ɗakin nan da riga mai datti," in ji Dakta. "A kwaleji ban sani ba, amma nan doka ce. Fita."

Ya fita, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa.

Auta ta ci gaba da zagaya benci-benci tana nuna wa yara yadda ake riƙe ma'auni. In da ƙasa za ta tsage a lokacin nan da ta shige ta ce a rufe. Duk yaron da ya ce mata "Anti, haka ne?" sai ta ga kamar ya san abin da ta yi. Da ta kasa, ta ce wa mai gilashi kanta ke ciwo, ta ɗauki jakarta ta fice.

A bayan ginin ta same shi, wurin famfunan da masu shara ke ɗiban ruwa. Ya tuɓe rigar, ya tsuguna yana murza tabon a ƙarƙashin famfo.

"Ruwa ba ya fid da shi," in ji ta, don ta rasa ta inda za ta fara.

"Na sani."

Bai daina murzawa ba. Ta tsaya a kansa, sai kuka ya ƙwace mata, irin mai tafe da shessheƙa.

"Me ka yi, Dogo? Me ka yi wa kanka? Ka ce mini ba su goge ba. Ka ce mini za ka iya komawa."

"Ke za ki tambaye ni dokar? Ni na raka ki ofishin ranar da aka goge naki."

"Saura zango ɗaya fa!"

"Yanzu saura shekara biyar."

"Aikin asibitin fa?"

"Sun ba wani."

"Innarka fa? Me ta ce?"

Sai a nan ya rufe famfon. Ya miƙe, ya jingina da bango, rigar tana ɗiga a hannunsa.

"Inna ba ta ce komai ba. Da ma faɗa ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa fitowa, ta ma daina karɓar wankin mutane don na ce mata ta huta. Da na faɗa mata, sai ta tashi ta je ta ɗauko bahon wankin daga inda ta kife shi, ta goge masa ƙura. Shi ke nan abin da ta yi."

Auta ta toshe bakinta da mayafi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Wallahi da na hana ka."

"Da kin hana ni da baki, zuciyarki kuwa tana so. Na ji abin da kika faɗa a tasha, Auta. Ba a cikin fushi kika ƙirƙiro shi ba, ya daɗe a ranki." Ya dubi rigar da ke hannunsa. "Na ce a raina, yarinyar nan ta faɗa wa mahaifinta magana. Ba zan bari ta zama maƙaryaciya a gidansu saboda ni ba. Na zauna jarrabawar canji, Allah ya sa na ci. Na ce yau zan ba ki mamaki. Tun da safe nake kallon ƙofa, ina cewa in ta shigo ta gan ni a jami'arsu, yau dai ba za ta ji kunyata ba."

"Ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini. Ido ne ya yi mini yawa, ban san lokacin da na faɗa ba."

"Ranar nan ma ba ki san lokacin da kika faɗa ba."

Ta durƙusa a nan cikin laka, ba ta damu da shuɗin wuyan ba. "Ka zage ni. Ka ce ba ka sona. Ka yi mini komai, amma kar ka yi mini magana a hankali haka, ba zan iya ɗauka ba."

"Tashi, kada wani ya fito ya gan ki da ɗan tsako."

"Dogo!"

"Ba gatse nake yi ba. Tashi." Ya jira har ta miƙe. Idonsa ya yi ja, amma hawayen bai zubo ba. "Ƙaryarki ta farko na mai da ita gaskiya, kin ga abin da ta ci mini. Ta yau ce ban san yadda zan yi da ita ba. In ita ma kina so in mai da ta gaskiya, ki faɗa mini. Daga yau ba ki san ni ba, ni ma ban san ki ba. Zan iya. Shekara biyar ce, zan riƙa sunkuyar da kai in kin wuce."

Me za ta ce da zai yarda? Bakin nan dai shi ne ya yi ta tasha, shi ne ya yi ta ɗakin gwaji. Sai kawai ta miƙa hannu ta fizge jiƙaƙƙiyar rigar.

"Ba ni. Ni na ɓata ta, ni zan wanke."

Bai yi gardama ba. Ya dube ta sau ɗaya, ya juya ya bi ta bayan ginin ya tafi. Ta matse rigar, ta naɗe ta tare da tata, ta cusa su can ƙasan jaka.

A mota kuka, a hanya kuka. Sai da ta zo ƙofar gida ta tsaya ta goge fuska, tana addu'ar ta samu ta wuce ɗaki ba wanda ya gan ta.

Ina! Baba ya dawo daga shago da wuri, yana zaune a falo da kofin shayi. Mama tana gefe, Goggo kuma tana kusurwarta tana wani murmushi kamar wadda ta ci gasa.

"Yauwa, 'yar jami'a. Zo nan ki zauna."

Ta zauna a ƙasa. Goggo ta miƙo hannu ta janye jakar kamar yadda ta saba, don ita ke wanke farar rigar nan da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Baba ya kurɓi shayi ya ajiye.

"Auta, ni na haife ki. Ranar da kika ce mini yaron nan ya samu canji, tun kafin ki rufe baki na san ƙarya kike. Kunnenki na hagu yakan motsa, tun kina ƙarama."

Mama ta yi dariya. Baba ya ci gaba.

"Ban ce miki komai ba. A satin na tura aka bincika mini shi. Aka ce yana nan a kwalejinsa, shi ne na ɗaya a ajinsu, saura zango guda ya gama, har asibiti sun riƙe masa gurbi. Aka ce shi ke kula da uwarsa. Na yi shiru ina juya abin. Ga kuma Yaya ta hana ni sakat, safe da yamma, ko ruwa zan sha sai ta tuna mini ƙurar siminti."

"Ai gaskiya ce," in ji Goggo, tana zuge jakar.

"To na sauko. Abin da ya saukar da ni kuwa shi ne wannan: yaron ya ji ana yi masa gori, bai ruɗe ba, ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi zai ƙarasa abin da ya fara. Wannan shi ne namiji. Da a ce maganarki gaskiya ce, ya saki karatun da ya kusa gamawa ya koma ajin farko don a ce yana jami'a, wallahi ko ƙofar gidan nan ba zai taka ba. Mai sakin reshe ya kama ganye ba ya riƙe iyali." Ya gyara zama, fuskarsa cike da jin daɗin kyautar da yake yi. "Ki gaya masa, ranar da ya karɓi shaidar gamawa ya turo manyansa. Zango ɗaya ba nisa. Uban Dakta kuwa, ni na san yadda zan ba shi haƙuri."

Mama ta ce, "Ke, ba za ki yi godiya ba? Ji yarinya, murna ta hana ta magana."

Auta ta kasa ɗago kai. Abin da ta yi ta roƙo da kuka ga shi an miƙo mata, a ranar da ta riga ta fasa shi da hannunta. Da ta yi shiru a tasha, da ta bar shi da haƙurinsa, da yanzu guɗa ake yi a gidan nan. Wata zuciyar ta ce mata, ki ce na gode ki tashi. Zango guda ne, kafin nan wa ya san abin da Allah zai yi? Ƙarya ɗaya ce kawai za ki ƙara.

"Ikon Allah," in ji Goggo daga kusurwa. "Yau kuma riga biyu?"

Kowa ya waiga. Goggo ta miƙe tsaye tana warware jiƙaƙƙiyar rigar, tana ɗaga hannu sama, rigar tana ta sauka har ta taɓa ƙasa. Ga tabon aidin a ƙirji, ga rawayan wuya yana ɗigar da ruwa a kan kafet.

Baba ya san launukan nan sarai. Shi da ya yi shekara biyu yana nuna wa baƙi rawayan wuyan da ke cikin hoton, yana bayani. Ya dubi hoton, ya dubi rigar, ya dubi tsawonta. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Wannan ta ɗan ajin farko ce," ya ce a hankali. "Kuma ba ta mace ba ce. Auta, rigar wa ce? Kin san mai ita?"

Tambayar safe ce ta biyo ta har gida. Ta ji bakinta ya fara shirya amsa mai sauƙi, cewa ta wani ɗalibi ce aka ba ta ajiya. Ta cije leɓen har ta ji ɗanɗanon jini.

Ta tashi ta karɓi rigar daga hannun Goggo, ta rungume ta a ƙirji da jiƙonta da tabonta, ta dawo ta durƙusa a gaban mahaifinta. A karon farko tun da aka fara rigimar nan ta dube shi ido cikin ido.

"Na san shi, Baba. Ta Dogo ce. Ba shi ya saki reshen ba, ni na sare shi yana kai." Hawaye ya gangaro, ba ta share ba. "In akwai wanda bai cancanci taka ƙofar gidan nan ba, ni ce."

Mama ta dafe ƙirji. Goggo ta koma ta zauna a hankali, allurarta ta faɗi ƙasa ba ta nema ba.

Baba ya miƙe, ya juya ga bango, ya sa hannu biyu ya sauke hoton nan daga ƙusarsa. Ya daɗe yana kallon yarinyar da ke ciki da rawayan wuyanta, sannan ya kife shi a kan teburi.

"Je ki kira mini shi," ya ce. "Ki kai masa rigarsa, ki ce ya zo da ita a jikinsa, ba abin kunya ba ce a gidan nan."